Wakiltar Mahaɗai da Ƙusoshi a Lissafin Ƙwayoyi Masu Iyaka na Gangar Jikin Mota

Tsakure

Gangar jikin motar zamani ta ƙunshi ɗaruruwan fallayen ƙarfe waɗanda aka harhaɗa da dubban ɗigon walda, da ƙusoshi masu noti, da ribit, da gam. A lokacin da injiniya ya gina samfurin wannan jiki a kwamfuta, ba ya iya zana kowace mahaɗa da cikakkiyar siffarta, don haka dole ya wakilce ta da wani abu mai sauƙi. Wannan muƙala ta bibiyi hanyoyin da ake bi wajen wannan wakilci, ta nuna abin da kowace hanya ke riƙewa da abin da take zubarwa, tare da misalan lissafi a kan waldar ɗigo da ƙusa mai noti. An nuna cewa zaɓin wakili ya rataya ne a kan tambayar da ake yi wa samfurin, ko ta tauri ce, ko ta gajiyar ƙarfe, ko ta karo. An kuma taɓo halin motocin da ake gyara jikinsu ko ake ɗora musu bodi a garejojin Arewacin Nijeriya.

Fitilun Kalmomi: ƙwayoyi masu iyaka, waldar ɗigo, ƙusa mai noti, gajiyar ƙarfe, gwajin karo

1.0 Gabatarwa

Dabarar ƙwayoyi masu iyaka hanya ce ta lissafi da ake yanyanka abu mai wuyar siffa zuwa ƙananan gutsattsari masu sauƙin siffa, a lissafa halayyar kowane gutsure, sannan a tattara su a sami halayyar abin gaba ɗaya. Kowane gutsure shi ake kira ƙwaya. Idan aka shimfiɗa ƙwayoyin a kan jikin mota, kamarsu ɗaya da ragar masunci, shi ya sa a wannan muƙala za a riƙa kiran shimfiɗar raga, wuraren da ƙwayoyi ke haɗuwa kuma a kira su ƙulli. A kan ƙulli ne ake lissafa motsi da juyawa, daga nan a fitar da takura, wato rabon ƙarfin da ke kan kowane murabba'in milimita na ƙarfe, wadda ake aunawa da megafaskal.

Tushen dabarar a aikin injiniya yana komawa ne ga muƙalar da Turner da Clough da Martin da Topp suka fitar a shekarar 1956 a kan jikin jirgin sama, kuma Clough ne ya raɗa mata suna a 1960. Hukumar NASA ta Amurka ta ɗauki nauyin manhajar NASTRAN a ƙarshen shekarun 1960, John Hallquist kuma ya rubuta DYNA3D a 1976, wadda daga gare ta LS-DYNA ta samo asali. A 1986 aka yi nasarar kwaikwayon karon gaba na motar Volkswagen Polo a kwamfuta cikin dare guda, abin da ya buɗe wa masana'antar motoci ƙofa. A yau babu wani babban kamfanin mota da ke ƙera sabon jiki ba tare da ya murɗa shi, ya girgiza shi, ya kuma buga shi da bango sau da dama a cikin kwamfuta ba, tun kafin a yanka falle na farko.

Falle kansa ba ya ba da wahala sosai. Kaurinsa a jikin mota yakan kama daga kimanin milimita 0.6 zuwa 2.5, ana kuma wakiltarsa da ƙwayar ɓawo, wato ƙwaya marar kauri a zane wadda ke zaune a tsakiyar kaurin fallen, kaurin kuma a ba ta shi a matsayin adadi. Matsalar tana wurin da falle ya haɗu da falle. Mota guda takan ɗauki ɗigon walda tsakanin 3,000 zuwa 5,000, kowanne faɗinsa bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Da za a zana kowane ɗigo da ƙananan ƙwayoyi ɗari biyar kawai, da ɗigon walda kaɗai sun cinye ƙwayoyi miliyan biyu. Alhali kuwa a mahaɗai ne jikin mota ya fi fara tsagewa, kuma a nan ne yake ɓallewa a lokacin haɗari.

2.0 Waldar Ɗigo

Ana yin waldar ɗigo ne ta hanyar matse fallaye biyu ko uku tsakanin bakin tagulla biyu, a tura wutar lantarki mai dubban amfiya na ɗan lokacin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Ƙarfen da ke tsakani ya narke, ya daskare, ya bar curi mai siffar kwabo. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce faɗin curin ya kai ninki huɗu zuwa biyar na tushen murabba'in kaurin falle mafi siranta. Ke nan ga falle mai kaurin milimita 1, ana sa ran curi mai faɗin milimita 4 zuwa 5.

2.1 Hanyoyin Wakilci

Hanya mafi tsufa ita ce a sa fallayen biyu su yi tarayya a ƙulli guda a inda ɗigon yake, ko a haɗa ƙulli na sama da na ƙasa da sanda, ko dai wadda ba ta lanƙwasuwa sam, irin wadda NASTRAN ke kira RBE2, ko mai ɗan tauri irin CBAR. Tana da arha, tana da saurin fahimta, amma tana da aibi uku. Na farko, dole ƙullin sama ya daidaita da na ƙasa, don haka idan mai zane ya matsar da ɗigo ɗaya da milimita goma, sai an sake saƙa ragar fallayen biyu. Na biyu, ƙwayar ɓawo ta gargajiya ba ta da taurin juyawa a kan layin da ya tsaya cak a kan fuskarta, don haka sandar da aka kafa a ƙulli guda ba ta iya isar da murɗawa yadda ya kamata.

Aibi na uku shi ne wanda ya fi ɓoyuwa, kuma shi ya fi cancantar ɗalibi ya tsaya a kansa. A yawancin aikin ƙwayoyi masu iyaka, idan aka ƙara ƙanƙanta idon raga, amsa tana ƙara kusantar gaskiya. A nan abin ya juya. Sandar da ke kan ƙulli guda tana zuba dukkan ƙarfinta ne a wuri marar faɗi, a lissafi kuwa takurar da ke ƙarƙashin irin wannan ƙarfi ba ta da iyaka. Raga mai manyan idanu tana ɓoye wannan domin ba ta iya lanƙwasa a ɗan ƙaramin wuri. Da zarar an ƙanƙanta ta, sai fallen ya riƙa lotsawa kewaye da ƙullin, mahaɗar ta yi laushi, taurin jikin motar gaba ɗaya ya sauka, takurar kuma ta yi ta hawa ba tsayawa. Mai nazarin da ya ga haka yakan zaci ya gano rauni a motar, alhali raunin na samfurin ne. Wannan wakili yana aiki ne kawai idan girman idon raga ya yi kusa da faɗin curin ko ya ɗan ɗara shi, domin a lokacin ne kuskuren taurin ƙwaya da kuskuren laushin ƙulli suke kashe juna. Amsar da ta dogara da kurakurai biyu su yi daidai ba abar jingina ba ce, ko da yake an ƙera motoci masu yawa da ita.

Don kauce wa wannan ne aka fito da wakilai masu baza ƙarfi a kan faɗi. Sananne a cikinsu shi ne wanda Heiserer da abokan aikinsa suka gabatar a 1999, wanda ake kira ACM2. A nan ana ajiye dunƙulalliyar ƙwaya mai kusurwa takwas tsakanin fallayen, mai faɗin da ya yi daidai da na curin, sannan a ɗaure kowace kusurwa da ƙulle-ƙullen da ke kewaye da ita ta hanyar RBE3. Bambancin RBE2 da RBE3 ya kamata ya zauna daram a zuciyar mai koyo. RBE2 tana sandarar da duk abin da ta taɓa, ta tilasta masa motsi tare kamar an zuba masa kankare. RBE3 kuwa rabon ƙarfi kawai take yi gwargwadon nisa, ba ta ƙara wa falle tauri ko kaɗan. Wanda ya sa ta farko a gurbin ta biyu zai sami mota mai tauri a kwamfuta fiye da wadda za ta fito daga masana'anta. Akwai kuma ƙwayar CWELD, wadda sanda ce gajera mai faɗin curi da ake liƙa bakinta biyu a fuskar ƙwayoyin ɓawo, ba a kan ƙulli ba. Fa'idar waɗannan biyu ita ce ragar sama ba ta bukatar sanin ta ƙasa, kuma ana iya zuba dubban ɗigo kai tsaye daga jerin wuraren da mutum-mutumin walda zai bi a masana'anta.

Ga lissafin tauri da na girgiza, waɗannan wakilai sun wadatar. Taurin murɗawa na jikin ƙaramar motar zamani yakan kai dubban niyuton-mita goma sha zuwa talatin da wani abu a kan kowane digiri, kuma abin da ake nema a nan jimilla ce ta dubban mahaɗai, inda kuskuren wannan ke shiga cikin na wancan ya ɓace.

2.2 Gajiyar Ƙarfe

Tambayar gajiya daban take, domin ita ɗigo guda take nema, wato wanda zai fara tsagewa bayan motar ta sha ramuka sau miliyan. Tsagewar takan faro ne daga gefen curin, a tsakanin fallayen inda ido ba ya gani, ta ratsa kaurin falle ta ɓullo waje. Tunda takurar da samfuri ke nunawa a wannan wuri ta dogara da girman raga, masana suka koma ga abin da ba ya canzawa sosai, wato ƙarfin da ke ratsa sandar da ke wakiltar ɗigon. Hanyar da Rupp da Störzel da Grubisic na cibiyar Fraunhofer da ke Damstat a Jamus suka fitar a 1995 ta ɗauki curin a matsayin dunƙule marar lanƙwasuwa a tsakiyar faranti mai da'ira, ta mayar da ƙarfin sandar zuwa takura a gefen curin. Idan d shi ne faɗin curi, s kuma kaurin falle, duka a milimita, to:

takurar ƙarfin zamewa = F ÷ (π × d × s)
takurar ƙarfin ɓamɓara = k × 1.744 × F ÷ s²
takurar lanƙwasa = k × 1.872 × M ÷ (d × s²)

inda k yake daidai da 0.6 sau tushen murabba'in s.

A ɗauki fallaye biyu masu kaurin milimita 1, da curi mai faɗin milimita 5. Idan ƙarfin niyuton 1,000 ya ja su a kwance, ɗaya gabas ɗaya yamma, takurar zamewa za ta kama megafaskal 64. Idan kuwa niyuton 100 kacal ya ja su a tsaye, yana neman ɓamɓare ɗaya daga ɗaya, takurar za ta kai megafaskal 105. Wato kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin ya haifar da takurar da ta zarce ta farko. Wannan shi ne dalilin da ya sa masu zanen jikin mota suke juya leɓen falle ta yadda ɗigo zai sha zamewa maimakon ɓamɓara.

Misalin yana da sauran darasi. Wancan ƙarfi na niyuton 1,000 ba a layi ɗaya yake bi ba, domin tsakiyar fallen sama da ta na ƙasa suna da tazarar milimita 1. Kowane falle zai ga lanƙwasa ta kimanin niyuton-milimita 500, wadda ke ƙara megafaskal 112, jimilla ta zama wajen 176. Mai nazarin da ya kwantar da fallayen biyu a fuska ɗaya don neman sauƙi ya shafe wannan lanƙwasa baki ɗaya, zai kuma kai rahoton 64 a inda ya kamata ya ce 176. Muhimmancin wannan yana fitowa ne idan aka tuna cewa tsawon rayuwar mahaɗa yana raguwa da saurin da ya ninka hawan takura. Idan aka ɗauka, alal misali, cewa rayuwar tana bin takura a ninki na biyar, to ƙarin kashi 10 cikin ɗari a takura yana cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na rayuwar, ƙarin kashi 20 kuma ya bar ta ƙasa da rabi. Kuskure mai girman na misalin da ya gabata kuwa yana iya sa a yi wa mahaɗa hasashen rayuwar da ta ninka ta gaskiya sau ɗari.

2.3 Karo

A kwaikwayon karo, lokaci ne ke mulki. Manhajoji irin su LS-DYNA da PAM-CRASH suna tafiya ne taki-taki, kuma tsawon kowane taki ba zai wuce lokacin da sauti ke ɗauka ya ratsa ƙwaya mafi ƙanƙanta a samfurin ba. Sauti yana gudun kimanin mita 5,000 a daƙiƙa a cikin ƙarfe, don haka ƙwaya mai milimita 5 tana ba da taki na kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Karon mota da bango yakan ɗauki wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ke nan taki 100,000. Idan aka sa ƙwaya guda mai milimita 1 a wani ɗigon walda, dukkan samfurin zai koma taki 500,000. Aikin dare ɗaya ya zama na kwana biyu da wani abu. Akwai dabarar ƙara wa ƙananan ƙwayoyi nauyin ƙarya don a tsawaita takin, amma idan ɗigo 4,000 kowanne ya karɓi nasa, sai a wayi gari motar ta yi ƙiba a daidai wuraren da ake son ganin yadda za su naɗe.

Saboda haka ana wakiltar ɗigon da sanda guda, ko dunƙulalliyar ƙwaya guda, ko tarin huɗu ko takwas, a kuma ba shi sharaɗin ɓallewa. Sharaɗin da aka fi sani yana raba ƙarfin ja da iyakar ja, ya raba ƙarfin zamewa da iyakar zamewa, ya ɗaga kowanne zuwa wani ninki, ya tara su. Idan jimilla ta kai ɗaya, a goge ɗigon daga samfurin. Waɗannan iyakoki ba lissafi ke ba da su ba, daga ɗakin gwaji ake samo su: gwajin ja a kwance, da gwajin gicciye, da gwajin ɓarewa, da samfurin KS2 da aka ƙirƙira a Jami'ar Fadabon ta Jamus, wanda ake ja a kusurwa daban-daban daga sifili zuwa digiri 90. Kowane haɗin nau'in ƙarfe da kauri yana bukatar nasa gwajin, kuma iyakar da aka daidaita da raga mai milimita 5 ba a ɗauke ta a kai raga mai milimita 3.

Ɗigo yana ɓallewa ta hanya biyu. Ko dai curin ya tsaya lafiya ya yago fallen kewaye da shi kamar maɓalli, ko ya tsage ta tsakiya fallayen su rabu sumul. Ta farko ce ake so, domin tana shanye ƙarfin karo mai yawa kafin ta saki. Shigowar ƙarfe mai sinadarin boron da ake matsawa da zafi, mai juriyar kimanin megafaskal 1,500, wanda ake yin ginshiƙin tsakiyar mota da shi, ta ƙara wata matsala. Zafin walda yana sassauta ƙarfen a wani siririn zobe kewaye da curin, kuma daga wannan zobe tsaga takan tashi ta keta ginshiƙin a karon gefe. Faɗin zoben bai fi milimita ɗaya ko biyu ba, ya yi ƙanƙanta ƙwarai ga ragar karo, don haka ake rage juriyar ƙwayoyin da ke kewaye da ɗigon da gangan domin su tsaya a madadinsa.

3.0 Ƙusa Mai Noti

Ƙusa mai noti, wadda makanikai ke kira bol, ba ta da yawa a jikin mota idan aka kwatanta da ɗigon walda, amma ita ke riƙe kujera, da bel ɗin kujera, da gindin inji, da ƙafafun mota. Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 14 a kan motoci ta tanadi cewa a ƙaramar mota a ja bel ɗin kafaɗa da na cinya kowanne da ƙarfin kiloniyuton 13.5, wato kusan nauyin kilo 1,400, mariƙin kuma ya jure. Ran mutum ne ke rataye a kan wannan ƙusa da fallen da ke ƙarƙashinta.

Abin da ya bambanta ƙusa da walda shi ne ɗaurin farko. Idan aka ɗaure noti, ƙusar tana miƙewa kaɗan kamar roba, fallayen kuma suna matsuwa. Ana ƙiyasta wannan ɗauri da cewa ƙarfin murɗa yana daidai da K sau faɗin ƙusa sau ƙarfin ɗauri, inda K ke kusan 0.2 ga busasshiyar ƙusa. Ƙusa mai faɗin milimita 10 ta aji 8.8, idan aka murɗa ta da niyuton-mita 50, za ta ba da ɗaurin kiloniyuton 25. Faɗin da ke ɗaukar nauyi a zarenta murabba'in milimita 58 ne, ke nan takurar ta kama megafaskal 431, ƙasa da iyakar 580 da aka gindaya wa wannan aji. To amma kusan kashi 90 cikin ɗari na murɗar yana ƙarewa ne a gogayya, a ƙarƙashin kai da cikin zare. Idan aka shafa wa zaren mai har K ya sauka zuwa 0.14, murɗa iri ɗaya za ta ba da kiloniyuton 35.7, takurar ta kai 615, ta haye iyaka. Idan tsatsa ta ɗaga K zuwa 0.28, ɗaurin zai faɗo ƙasa da kiloniyuton 18. Sifana ɗaya, hannu ɗaya, amma ɗauri ya bambanta ninki biyu. Mai nazari na gari yakan gudanar da lissafinsa sau biyu, da mafi ƙarancin ɗauri don duba zamewa, da mafi yawansa don duba juriyar ƙusa da lotsawar falle.

Ɗaurin farko yana da amfani biyu da samfuri marar shi ba zai nuna ba. Muddin fallayen suna matse, ƙarfin da ke ja daga waje ba ya shiga ƙusar gaba ɗaya, domin fallayen sun fi ta tauri. Kaso kaɗan ne ke isa gare ta, sau da yawa tsakanin kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari, sauran yana tafiya ne wajen rage matsin da ke tsakanin fallayen. Haka nan ƙarfin gefe gogayya ce ke ɗaukarsa. Da ɗaurin kiloniyuton 25 da gogayya ta 0.15, mahaɗar za ta riƙe kiloniyuton 3.75 kafin ta zame. Da zarar ta fara zamewa gaba da baya, noti zai fara kwancewa da kansa, kamar yadda Gerhard Junker ya nuna a 1969 da na'urar girgizarsa.

Kashi na biyu na ƙa'idar Jamus ta VDI 2230, wanda ya fito a 2014, ya kasa wakilcin ƙusa zuwa aji huɗu. A na farko babu ƙusar sam, ana liƙe fallayen ne kawai. A na biyu sanda ce da aka ɗaure bakinta biyu da ƙwayoyin da ke ƙarƙashin kai da noti. A na uku dunƙulalliyar ƙusa ce marar zare, mai ɗauri da gogayya. A na huɗu har zaren ake zanawa. Ga taurin mota gaba ɗaya, aji na biyu ya isa, da sharaɗin faɗin gizo-gizon da ke ɗaure sandar ya tsaya daidai faɗin wosha, kada ya wuce. Ga mariƙin bel da gindin inji, aji na uku ne mafi ƙaranci. Aji na huɗu aikin mai nazarin ƙusa ne, ba shi da gurbi a samfurin mota.

4.0 Ribit da Gam

Alminiyam ba ya karɓar waldar ɗigo cikin sauƙi, saboda yana gudar da zafi da wuta da sauri, kuma fuskarsa na da wani ɓawo mai hana wuta wucewa. Don haka motoci irin su Audi A8 ta 1994, da Jaguar XJ ta 2003, da Ford F-150 ta 2015 suka dogara da ribit mai huda wa kansa hanya. Jaguar ɗin ta ɗauki irin wannan ribit fiye da 3,000 tare da gam. A samfuri ana wakiltarsa kamar ɗigon walda, sai dai shi yana da sama da ƙasa, kuma juriyarsa tana canzawa idan aka sauya wane falle ne a sama.

Gam kuwa yana da tarko na musamman. Kaurinsa na gaskiya kimanin milimita 0.2 ne zuwa 0.3, taurinsa kuma bai fi kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfe ba. Amma tunda ƙwayoyin ɓawo suna zaune a tsakiyar fallaye, tazarar da ke tsakanin fallaye biyu masu milimita 1 a samfuri ita ce 1.2. Wanda ya cike wannan tazara da ƙwayar gam ba tare da gyara ba ya ninka kaurinsa sau shida, ya kuma mayar da shi mai laushi sau shida. Ko dai a zana gam ɗin da kaurinsa na gaskiya a ɗaure shi da fallayen daga nesa, ko a ɗaga taurinsa gwargwadon ƙarin kaurin. Tun 1938 Volkersen ya nuna cewa takura a irin wannan mahaɗa tana taruwa ne a bakuna biyu, tsakiya na hutawa, don haka tsawaita liƙi ba ya ƙara juriya yadda ake zato. Ga ɓallewar gam a karo, ana amfani da ƙwayoyin da ke sassautawa a hankali gwargwadon buɗewar tsaga, bisa tunanin Dugdale na 1960 da na Barenblatt na 1962.

5.0 Motar da Ta Bar Masana'anta

Duk abin da aka bayyana ya ginu ne a kan zaton cewa mahaɗar da ke cikin mota ita ce wadda ke cikin zane. A kan hanyoyin Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar, yawancin motoci sun daɗe da barin masana'anta, da dama kuma sun ratsa hannun masu gyaran bodi. A inda masana'anta ta sa jerin ɗigo a tazarar da aka lissafa, mai gyara yakan sa ɗinkin waldar gas ko ta lantarki, wani lokaci ya yanke ginshiƙi ya dasa na wata motar. Gwanintar hannu a wannan sana'a ba abar rainawa ba ce, amma ƙarfen boron da harshen wuta ya lasa ya rasa taurin da aka ba shi a matsa, kuma ba ya dawowa da guduma. Ginshiƙin zai yi kyau a ido, ya ɗauki fenti, ya kuma naɗe a ranar karo a inda samfurin kamfani ya ce zai tsaya.

Fagen da ɗalibin injiniya na wannan yanki zai fi amfanar jama'a da wannan ilimi shi ne na bodin manyan motoci, da tankoki, da tireloli da ake ƙerawa a gida. Shasin babbar mota an yi shi ne ya riƙa murɗawa a kan hanya marar kyau, tankin mai kuwa bututu ne mai tauri wanda ba ya murɗawa. Idan aka ɗaure su gam-gam daga gaba har baya, bambancin zai taru a mariƙan gaba, a nan tsaga za ta fara. Littattafan jagora na masu ƙera shasi sun hana walda da huda a leɓen sama da na ƙasa na dogon ƙarfen shasi, suna kuma ba da shawarar mariƙai masu sifirin a gaba da kafaffu a baya ga bodi mai tauri. Samfurin da ya ɗaure tanki da shasi da RBE2 a kowane mariƙi zai nuna takurar ƙarya a wani wuri, ya ɓoye ta gaskiya a wani. Wakilin da ya dace shi ne ƙwayar sifirin irin CBUSH, mai tauri daban a kowace fuska shida, uku na motsi uku na juyawa.

Samun adadin da za a ba wannan ƙwaya bai fi ƙarfin ɗakin gwajin jami'a ba. Ana karɓo fallaye daga garejin da ake nazari a kansa, a sa maƙerin wurin ya haɗa su da hannunsa da injinsa kamar yadda ya saba, a yanka samfura biyar ko fiye na ja a kwance da na gicciye, a ja su a na'urar gwaji ana rubuta ƙarfi da miƙewa. Daga nan a gina samfurin kwamfuta na ɗan gwajin, da girman raga da nau'in ƙwayar da za a yi amfani da su a babbar motar, a daidaita taurin wakilin har layin kwamfuta ya hau kan na gwaji. Tazarar da ke tsakanin samfuri mafi ƙarfi da mafi rauni a cikin biyar ɗin ita ma a rubuta ta, domin da mafi raunin ne za a lissafa mariƙan gaba na tankin.